Gado a Kan Gado

Gero ya yi kyau a ƙasar Ajingi shekarar da mijinta ya rasu. Shi ya yi shuka da hannunsa, shi ya yi noman firi, ciwo ya kwantar da shi ana maimai. Aka yi ta kai shi Babban Asibitin Gaya ana dawowa, matar ta sayar da tumakinta ɗaya bayan ɗaya, amma kwana ya ƙare, bai ga girbi ba. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya biyar, maza biyu, mata uku. Babbar tana aji uku a ƙaramar sakandare, autan kuwa bai daɗe da yaye ba. Yaran suna ce wa uwarsu Inna, mu ma da haka za mu kira ta.

Tana cikin takaba aka yi girbi. Daga ɗaki take jin amalanken shanu yana wucewa ta bayan danga, shaƙe da dammunan gero, bai tsaya a ƙofarsu ba sai a bakin rumbunan yayan mijinta, wanda yaran ke kira Baffa. A lokacin ba ta ga aibun haka ba. Mai takaba ba ta fita gona, babban ɗanta namiji bai wuce shekara goma sha uku ba, dole wani ya tsaya. Kowace Juma'a Baffa yakan aiko ɗansa da gero a ƙullin buhu, wani mako kwano biyar, wani mako huɗu, ta karɓa ta yi godiya.

Yana da kyau a fahimci Baffa tun daga nan, don ba mugun mutum ba ne irin na tatsuniya. Gonar da ake magana a kanta ta mahaifinsu ce, kuma tun da tsohon ya rasu, shekara ashirin ko fiye, ba a raba ta ba. Gandu ake yi, wa da ƙane suna noma tare, a raba amfani a bakin rumbu, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa a gefe. Haka ake yi a gidaje da yawa daga Gafasa har Toranke, kuma yana da dalilinsa: gona in an yanyanka ta ƙanana ba ta ciyar da kowa, ga kuma jin nauyin a ce uba bai daɗe a ƙasa ba 'ya'ya sun ɗauko igiyar awo. A idon Baffa, babban gida shi ke riƙe da gona, shi ke ciyarwa, shi ke yanke shawara. Ya taso ya tarar ana haka, bai taɓa jin wani ya ce masa akwai gyara ba.

Wata huɗu da kwana goma suka cika, Inna ta fita takaba. Rani ya yi nisa, an fara kai taki gonaki, sai babban ɗanta ya dawo daga kiwo ya ce ya ga baƙin mutane suna zuba taki a gonarsu, da motar a-kori-kura. Da ta bincika, ashe Baffa ya jinginar da gonar gaba ɗaya ga wani ɗan kasuwar hatsi na Gaya. Da kuɗin ya haɗa lefen ɗansa, ya saya masa babur na haya.

Da magariba ta yafa mayafi ta shiga gidansa, ta durƙusa a bakin tabarma. Bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, a kan maganar gona na zo. An ce ana zuba taki, kuma ba mutanenmu ba ne."

Baffa ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa. "Uwar yara, gonar nan ta gidanmu ce, tun ba a kawo ki ba ake nomanta. Buƙata ce ta taso na jinginar, in Allah ya hore a fanshe. Ke me kika rasa? Ba ana kai miki hatsi ba?"

"Ana kawowa, Allah ya saka da alheri. Amma marayun nan, ina rabon ubansu?"

"Marayu nawa ne, ba sai an tuna mini ba. Na riga na yi tunani a kansu. Mazan zan haɗa su da malamin da zai tafi gabas bayan sallah. Babbar akwai mai nemanta. Ke kuma da sauran ƙuruciyarki, ki koma gidanku da ƙananan. Ga gwamnati tana auren zawarawa, har kayan ɗaki take bayarwa, sai a sa sunanki."

Auren zawarawan da ya ambata gaskiya ne akwai shi. An fara shi a Kano a 2012 zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ta hannun Hukumar Hisba, kuma a watan Oktoba na 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure. Ya rufa wa mata da yawa asiri, ba mai musun wannan. Sai dai abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake nuna wa mace hanyar tallafi alhali dukiyarta da ta 'ya'yanta tana hannun wani. Tallafi na wanda ba shi da komai ne. Inna tana da abu, hana ta aka yi. A ganina babban taimakon da hukuma za ta yi wa iyali irin wannan shi ne ta tsaya musu har haƙƙinsu ya dawo, buhun shinkafa ya biyo baya in da hali.

Inna ta tafi wajen yayanta, wanda yaran ke kira Kawu. Ya saurare ta da idanu jajur, amma abin da ya ce bai wuce abin da kowa ke faɗa ba. "Ki yi haƙuri. In kika kai shi ƙara, har abada za a riƙa nuna yaran nan ana cewa uwarsu ta kai baffansu gaban alƙali. Wa zai tsaya musu ranar aure? Kuma kotu fa sai ta cire ushira, abin da zai rage miki bai taka kara ya karya ba."

Tsoron nan na ushira yana da asali. A zamanin En'e kotunan alƙalai suna cire ɗaya bisa goma daga dukiyar gadon da suka raba, kuma labarin ya zauna a bakin tsofaffi har jikoki suka gaje shi. Shi ya sa har yau a ƙauye in an ce kotu, mutane asara suke fara hangowa. Kunyar kuwa ta fi ushira nauyi. An raine mu a kan cewa maganar gida a gida take mutuwa, kuma tarbiyya ce mai kyau a inda babba yake da adalci. Amma haƙurin da ake nema wajen Inna ba a kan kayanta kaɗai ba ne. Kayan yara biyar ne da ba su da bakin magana, kuma ba wanda ya tambaye su ko sun yarda a yi haƙuri da gonarsu.

Duk da haka ba ta tsallake kowa ba. Ta fara da mai unguwa, mai unguwa ya kai maganar ga dagaci. Wannan ita ce tsohuwar hanya, daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki, kuma duk sauye-sauyen da aka yi a sama ba su taɓa ta ba. An ɗaga Gaya ta zama masarauta mai sarki mai daraja ta ɗaya a 2019 zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, aka rushe wannan tsari a watan Mayu na 2024, sannan a watan Yuli aka dawo da ita a daraja ta biyu da ƙananan hukumomin Gaya, Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. A zauren dagaci dai ana nan ana zama kamar kullum. Dagacin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya yi wa Baffa nasiha, Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji, zan ƙara musu hatsi, yaran kuma a bar su a gida." Aka yi fatiha aka tashi. Ba a rubuta komai ba, ba a kuma taɓa maganar jingina ba. Mako biyu aka kawo kwano bakwai, a na uku aka koma huɗu.

Babbar 'yarta ce ta kawo shawarar Hisba, don malamarsu ta Islamiyya ta taɓa karanta musu babin gado. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, tana da ofis a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 44 na jihar, kuma yawancin abin da ake kai mata rigingimun gida ne: ci da sha, saki, riƙon yara, gado. Inna ta tarar da layin mata a kan benci, wasu da goyo. Da aka zo kanta, wata 'yar Hisba mai manyan shekaru ta jawo ta gefe, ta buɗe littafi.

"Malama, 'ya'ya nawa ya bari?"

"Biyar."

"Akwai namiji?"

"Biyu."

"Iyayensa suna raye? Yana da wata matar?"

"Duk sun riga shi. Ni kaɗai ce."

Matar ta ajiye biro. "To ki saurara da kyau. Tunda ya bar ɗa namiji, yayansa ba shi da ko taku ɗaya a cikin abin da ya bari. Ke kina da tumuni, ɗaya bisa takwas. Sauran bakwai na yaranki ne, namiji rabo biyu, mace rabo ɗaya. Wannan ba dokar gwamna ba ce balle a ce za a sauya ta, a Suratun Nisa'i yake, aya ta 11 da ta 12. Aikin hukuma ta tabbatar an bi."

Ta kuma gaya mata abubuwan da ba ta taɓa ji ba. Cewa a mazhabar Malikiyya da kotunan Kano ke bi, uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'ya'yanta, ba wanda zai kwashe su don kawai shi baffa ne. Cewa jihar ta ayyana karatun firamare da sakandare kyauta kuma dole tun 2019, ta kuma sa hannu a Dokar Kare Yara a watan Mayu na 2023, don haka cire yarinya daga aji ba abu ne da mutum ɗaya zai yanke a zaurensa ba. Ta ambaci hukumar taimakekeniyar lafiya da jihar ta kafa a 2016, mai rajistar marasa ƙarfi, da Hukumar Zakka da Hubusi. Inna ta tuna tumakinta, ba ta ce komai ba.

Aka aika wa Baffa takarda, ya zo sau ɗaya. Ya ce shi bai ci gadon kowa ba, domin gonar ba ta ƙanensa ba ce, ta mahaifinsu ce. Hisba sulhu take yi, ba ta yanke hukunci, don haka da sulhu ya ƙi, suka ce mata sai kotu. Suka ƙara da cewa in abin ya kai ga neman lauya, akwai hukumar tarayya mai ba talaka lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, duk suna da ofis a Kano. Ba ta kai ga buƙatarsu ba, don a kotun Shari'a mutum yana iya tsayawa ya yi magana da bakinsa, da Hausarsa.

Kwana uku ba ta yi barcin kirki ba. A na huɗu ta sayar da 'yar akuyar da ta rage, ta hau mota zuwa Gaya, ta shigar da ƙara a kotun Shari'ar Musulunci, ta biya kuɗin shigarwa aka ba ta rasit. Kawu, da ya ga ta riga ta yi gaba, ya biyo ta. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. An ɗage zama ba sau ɗaya ba, kowane zuwa kuɗin mota ne da yinin da ba a yi sana'a ba, kuma a unguwa wasu matan sun daina amsa gaisuwarta da sakin fuska. Wanda zai ce wa gwauruwar ƙauye ta je kotu ya kamata ya san nauyin abin da yake ɗora mata.

Ranar da aka saurari ƙarar, Baffa ya zo da babbar riga, da ƙarfin gwiwarsa. Alƙali dattijo ne mai magana a hankali. Da magatakarda ya karanta ƙara, ya dubi Baffa ya ce, "Malam, gonar nan ta wace ce?"

"Allah ya gafarta Malam, ta mahaifinmu ce. Ba a taɓa raba ta ba. Ƙanena bai mallaki komai a cikinta da sunansa ba."

"Madalla, ka taimaki kotu. Ke nan gado biyu ne a gabanmu, sai mun raba na uba kafin mu zo kan na ɗa. Mahaifinku 'ya'ya nawa ya bari?"

"Mu biyu ne, ni da marigayi."

"Bai haifi mata ba?"

Baffa ya ɗan yi jim. "Akwai mata biyu, amma ai suna gidajen mazajensu tun tuni."

"Suna raye lokacin da ya rasu?"

"Har yanzu ma suna raye."

Alƙali ya juya ga magatakarda ya ce a rubuta sammaci biyu.

Ba wanda ya zo kotun da tunanin waɗannan mata, har Inna kanta. Gwaggo babba tana aure a wani ƙauye kusa da iyakar Jigawa, Gwaggo ƙarama kuma a cikin garin Gaya take, mijinta ya tsufa, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take riƙe da gida. A zama na gaba suka zo, suka zauna a ƙasa a gefe ɗaya, sun rufe fuska da gefen mayafi. Alƙali ya yi musu bayani: uwarsu ta riga ubansu rasuwa, don haka gonar kashi shida za a yi, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya.

Gwaggo babba ta yi saurin cewa, "Allah ya gafarta Malam, ni na yafe. Ba na son abin da zai raba zumunci."

"Baiwar Allah, kin san girman abin da kike yafewa? Kin san inda ya fara da inda ya ƙare?"

"Ban sani ba."

"To ki bari a auna, a nuna miki, ya shiga hannunki. Bayan nan in kin ga dama ki ba wanda kike so, ba mai hana ki, kuma ladanki ya fi cika. Kyautar da aka yi don jin nauyin idon mutane, ba na son in rubuta ta."

Sai ya juya ga ƙaramar. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Hannayenta duk sun yi kanta saboda murza tunkuza, tana ta jujjuya bakin zanenta. Da ta buɗe baki, ba alƙali ta kalla ba, yayanta ta kalla.

"Yaya, shekara ashirin ina auna gero a kasuwa da kwano. Shekarar da aka yi tsadar abinci na zo gidanka, ka ba ni dami ɗaya, na durƙusa na yi ta godiya har da hawaye, na ɗauka sadaka ka yi mini. Ban zo don in tozarta ka ba. Amma ina son rabona."

Baffa ya sunkuyar da kai. Ina jin a wannan lokacin ne ya fara kallon lamarin da idon da ba na gandu ba. Shi a lissafinsa ɗawainiya yake yi da kowa, bai taɓa kawo wa ransa cewa daga cikin nasu yake ba su ba.

Aka kira ɗan kasuwar da ya karɓi jingina, ya zo da takarda mai sa hannun shaidu biyu. Shi ma ba da mugun nufi ya shiga ba, ya ga babban gida ya ɗauka mai gona ne. Alƙali ya ce masa mutum ba ya jinginar da abin da bai mallaka ba, don haka takardarsa ba ta hau kan rabon marayu da na 'yan'uwa mata ba, tsakaninsa da Baffa ne da kashi biyun Baffa. Ya kuma ja masa kunne da cewa malamai da yawa suna ƙyamar jinginar da mai ba da bashi zai riƙa cin amfanin gona kuɗinsa kuma suna nan cif, don bashi ne da ya jawo riba. Ko a dokar ƙasa ma akwai gyara a cinikin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana, gonakin karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙe su, kuma sashe na 21 ya hana sayarwa ko jinginar da irin wannan gona ba da amincewar ƙaramar hukuma ba. Kaɗan ne a ƙauye suka san da wannan sashe, masu saye da masu sayarwa duka.

Kafin a zo rabon na marigayi, alƙali ya tambayi bashi da wasiyya, don su ake fara fitarwa. Akwai ɗan bashin mai kantin magani, aka rubuta. Da ya ji labarin tumaki ya ce, "Malama, bashi kika ba mijinki ko kyauta? In bashi ne sai an biya ki kafin a raba." Ta ce don Allah ta yi, ba ta bin sa komai.

Sai maganar geron bara, wanda marigayi ya shuka aka zuba a rumbun Baffa. Shaidu suka faɗi yawan dammunan, aka cire abin da aka riƙa aiko mata, aka cire ladan girbi da ɗauko, saura mai yawa ya rage a kan Baffa. Inna ta dubi yayan mijinta, ta ga yadda ya tsufa a 'yan makonnin nan, tausayi ya kama ta. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan na bar masa."

"Naki kike iya bari, ɗaya bisa takwas. Bakwai ɗin na marayu ne. Ke ba ki da ikon yafe shi, ni ma da nake zaune a nan ba ni da shi. Zai biya a hankali, kaka biyu, a gaban mai unguwa." Ya gaya wa Baffa cewa in bai gamsu ba ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kano, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba hurumin gado, wasiyya da riƙon marayu. Baffa ya ce ba zai ɗaukaka ba.

Ranar awo kusan duk ƙauyen ya fito. Wakilan kotu suka zo da igiya, ga dagaci, ga mai unguwa, ga maƙwabtan gona ta kowace kusurwa don kada a shiga iyakar wani. Aikin ya ɗauki yini guda, domin gona ba ɗaya take ba: gabashinta jigawa ce, yammacinta ƙasa mai riƙe ruwa, ga ɗorawa biyu da tsamiya waɗanda sai da dattawa suka yi musu kuɗi. Aka daidaita kashi shida ta yadda wanda ya samu wuri mai kyau faɗinsa zai ragu, sannan aka jefa ƙuri'a don kada a ce an zaɓa wa wani. Kashi biyun marigayi aka sake yi musu takwas a takarda: ɗaya na Inna, biyu-biyu na maza, ɗaya-ɗaya na mata. Ba a yanyanka su a ƙasa ba, aka bar su haɗe da sunan kowa da rabonsa a rubuce, alƙali ya naɗa Inna mai kula da dukiyar yaran, Kawu yana sa ido, har su mallaki hankalin kansu. Aka kafa turaku, da damina ta sauka aka dasa gamba a kan iyakokin.

Rabon Baffa yana hannun ɗan kasuwa, ya tashi ba inda zai sa fartanya. Gwaggo babba, wadda takardarta ke ƙulle a bakin zane, ta same shi a gaban dagaci ta ce, "Yaya, ka noma nawa bana da baɗi, har ka fanshi naka. Aro ne na ba ka, a rubuta." Aka rubuta. Gwaggo ƙarama ta sa ɗanta ya shuka mata gyaɗa a nata, ta daina sayen ta a kasuwa. Babbar 'yar Inna ta ci gaba da zuwa aji, mazan suna makarantar boko da safe, allo da yamma, ranar da babu makaranta suna gona tare da Kawu.

Zumunci bai koma yadda yake ba, kuma ƙarya ne a ce ya koma. Baffa ya biya geron kaka ta farko ba tare da an je nema ba, yana amsa gaisuwar yaran, ya sa musu albarka, amma in ya hango Inna sai ya sauya hanya. A ƙauyen har yanzu akwai masu cewa ta yi rashin kunya, akwai kuma magidanta biyu da suka kira malami ya raba musu gonakin iyayensu tun ba a kai su ko'ina ba.

Wata rana da azahar, maza suna masallaci, matar Baffa ta shigo gidan Inna kamar mai neman aron turmi. Ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta rage murya. Mahaifinta ya rasu shekara tara ke nan a wani ƙauye ta wajen Kademi, ya bar gonaki biyu, 'yan'uwanta maza ke nomawa. Tana son ta san nawa ne kuɗin mota, kuma me ake fara cewa in an shiga.

Inna ta ce, "Ki fara zuwa wajen 'yan'uwanki tukuna, da mutumin da suke jin nauyinsa, wataƙila ba sai an je ko'ina ba. In sun ƙi, ki sa a rubuta miki sunan duk wanda yake raye ranar da mahaifinku ya rasu, maza da mata, har waɗanda suka mutu daga baya da 'ya'yan da suka bari. Shi za a fara tambayarki. Ranar da za ki tafi ki gaya mini, zan raka ki."